A Haɗa Motoci, Kada a Rage Hannaye: Tarihin 'Yan Kwana-kwanan Gefen Birnin New York

A birnin New York, kamar yadda yake a yawancin manyan biranen Amurka, aikin 'yan kwana-kwana ya kasu gida biyu tun zamanin da dawakai ke jan kayan aiki. Akwai rukunin da ke tafiya da motar ruwa, wanda aikinsa shi ne ya jona famfon bakin titi, ya shimfiɗa mesa, ya kai ruwa har inda wuta take ci. Akwai kuma rukunin da ke tafiya da motar tsani, wanda aikinsa shi ne ɓalle ƙofa, neman mutanen da hayaƙi ya rutsa da su, kafa tsani a jikin taga, da huda rufi domin zafi da hayaƙi su sami hanyar fita. Kowane rukuni yana da lambarsa da jami'insa da mutanensa, ko da kuwa a gida ɗaya suke kwana. Duk lokacin da baitulmalin birnin ya yi ƙasa, sai tsohuwar tambaya ta dawo, wato ko ya dace a mayar da waɗannan rukunai biyu su zama ɗaya a unguwannin da ke can gefen gari, inda gobara ba ta cika tashi ba. Ra'ayina shi ne haɗawar ta yi amfani a lokacin da aka yi ta domin a kai taimako inda babu shi, ta kuma zama cuta a lokacin da aka yi ta domin a janye mutane daga inda suke, kuma tarihin birnin da kansa ya nuna bambancin.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin dalilin raba aikin. A tsarin New York, motar ruwa tana fita da jami'i ɗaya da ma'aikata 4, wasu kuma 5, motar tsani kuwa da jami'i ɗaya da ma'aikata 5, kuma kowane mutum ya san wurinsa tun kafin a bar gida. A motar ruwa, direba yana tsayawa wurin injin famfo, wani yana riƙe da bakin mesa, wani yana bayansa yana tare masa ƙarfin ruwan, wani kuma yana lura da tsawon mesar da ake ja. A motar tsani, jami'i da mutum biyu suna shiga ciki, ɗaya da gatari da ƙarfen ɓalle ƙofa, wanda wani babban jami'in hukumar kashe gobara ta birnin mai suna Hugh Halligan ya ƙera a 1948, ɗayan da ƙugiya da ƙaramar tukunyar ruwa. Sauran ukun suna waje: direba yana ɗaga doguwar tsani, wani ya hau rufi, wani ya zagaya bayan gida yana duba tagogi. Duk waɗannan ayyuka a lokaci guda ake yin su. Idan aka huda rufi ko aka fasa taga ruwa bai iso ba, iska ce aka buɗe wa wuta. Idan kuma aka tsaya sai an gama kai ruwa sannan a fara neman wanda ya suma a ɗaki, ana iya tarar da gawa.

An kafa hukumar kashe gobara mai biyan albashi a New York a 1865, ta maye gurbin 'yan sa-kai a tsibirin Manhattan. Daga nan birnin ya yi ta faɗaɗa. A 1874 ya haɗiye garuruwan Morrisania da West Farms da Kingsbridge, waɗanda suke yammacin Bronx ta yau, a 1895 ya ƙara da gabashinta har da ɗan tsibirin City Island, sannan a 1898 aka dunƙule Manhattan da Bronx da Brooklyn da Queens da Staten Island suka zama birni guda. Yawancin wuraren da aka shigo da su gonaki ne da ƙauyuka da gidajen katako a warwatse, hanyoyinsu na ƙasa, famfunan titi kuma ba ko'ina suka kai ba. Mazaunansu sun zama masu biyan harajin birni, don haka suna da haƙƙin a kare su, amma babu mai hankalin da zai ce a gina wa kowane ƙauye gidaje biyu na 'yan kwana-kwana, da jami'ai biyu da dawakai da abincinsu, alhali ana iya yin makonni ƙararrawa ba ta kaɗa ba.

Mafitar da aka samo ita ce haɗaɗɗen rukuni. A gida ɗaya, ƙarƙashin kyaftin ɗaya da lamba ɗaya, ana ajiye injin tururi mai tura ruwa, da amalanken mesa, da amalanken tsani, mutanen gidan kuma su fita da abin da gobarar take bukata. Ina ganin wannan dabara ce mai kyau, kuma ban ga abin zargi a cikinta ba. Abin da mazauna waɗannan wurare suke da shi kafin nan shi ne 'yan sa-kai da sai an kirawo su daga gona ko shago, ko kuma babu kowa. Haɗaɗɗen rukuni ya kawo musu mutanen da ke zaune a bakin aiki dare da rana, da tsani da ruwa tare. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne tsarin na wucin gadi ne. Yayin da unguwa ta cika, gidaje suka yi tsawo, sai a zare amalanken tsanin a ba shi lambarsa da jami'insa da mutanensa, ya zama rukuni mai cin gashin kansa. Zuwa lokacin da dawakai suka yi fitarsu ta ƙarshe a 1922, motoci sun karɓi aikin, tafiya ta ragu, kuma hanyar da hukumar ta dosa ita ce ta raba rukunan biyu.

Shekaru hamsin bayan haka sai aka juya akalar. A farkon shekarun 1970 New York ta shiga matsin kuɗi wanda ya kai ta bakin fatara a 1975, zamanin magajin gari Abraham Beame, kuma wannan ya faɗo daidai da lokacin da gobara ta fi yawa a tarihin birnin. Tun zamanin magajin gari John Lindsay aka ɗauko masana daga cibiyar bincike ta RAND su yi lissafin yadda za a rarraba motoci, kuma shugaban hukumar na lokacin, John O'Hagan, ya dogara da lissafinsu wajen rufe gomman rukunai ko ɗauke su daga wurarensu. Mafi yawan asarar ta faɗa kan unguwannin talakawa masu cunkoso, irin su kudancin Bronx da wasu sassan Brooklyn. Gefunan gari kuma aka dawo musu da tsohon suna. A 1974 aka kafa haɗaɗɗun rukunai a wurare uku: a City Island aka haɗa motar ruwa mai lamba 70 da motar tsani mai lamba 53, a Tottenville da ke ƙarshen kudancin Staten Island aka haɗa 151 da 76, a Springfield Gardens ta Queens kuma aka haɗa 311 da 158. Kafin ƙarshen 1977 an warware su duka.

Sunan ɗaya ne da na ƙarni na 19, amma manufar ta sha bamban. Na farko an yi shi ne ana ƙara mutane a inda babu, na biyu kuwa an yi shi ne domin a rage albashin da ake biya a gidajen da tuni suke da rukunai biyu cikakku. Gwajin da bai wuce shekara uku ba, a lokacin da birnin yake ƙirga kowace dala, ya isa ya sa duk mai son maimaita shi ya tsaya ya yi tunani.

Hujjar da ake kafawa kullum ita ce yawan fita. Ana duba littafin aiki a ga rukunin wata unguwa ta gefe yana cikin mafi ƙarancin fita a duk birnin, sai a ce shi ya kamata a fara taɓawa. A ganina wannan ma'auni ne na kuskure, kuma City Island ta fi kowane wuri nuna hakan. Tsibiri ne mai mazauna fiye da 4,000, mai tsawon kusan mil ɗaya da rabi, cike da tsofaffin gidajen katako da ke kusa da juna, da wuraren gyaran jiragen ruwa masu ajiye mai da fenti, da gidajen cin abincin teku da ke jawo dubban baƙi a lokacin zafi. Gada ɗaya tak ta haɗa shi da sauran Bronx, kuma bayan gadar akwai dajin shaƙatawa na Pelham Bay, wanda shi ne mafi girma a birnin. Motar tsani mafi kusa sai ta taso daga wajen unguwar Co-op City, ta ratsa wannan daji, kuma a kan hanyar Shore akwai wata gada da ake ɗagawa idan jirgin ruwa zai wuce kogin Hutchinson. A tsakiyar Manhattan, idan aka rage rukuni ɗaya, wani yana nan kusa da zai iso bayan minti ɗaya ko biyu. A City Island, waɗanda suka fara isowa su kaɗai ne za su yi fama da wutar a mintunan da ake rasa rai ko a cece shi. Nisan wuri dalili ne na a bar masa cikakkun mutane, domin ba shi da maƙwabcin da zai ara masa.

Duk da haka an sake komawa kan tsibirin. A watan Janairu na 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, gwamnatin magajin gari Michael Bloomberg ta fara rufe wasu rukunai da dare, kuma motar tsani mai lamba 53 tana cikinsu. Da dare ne fa mutane suke barci, da dare ne hayaƙi yake cin rai kafin a farka, kuma aikin neman mutum a ɗaki na rukunin tsani ne. Majalisar birni ta dawo da kuɗin a kasafin da ya biyo baya. A 2011 sunan rukunin ya sake fitowa a jerin guda 20 da aka so rufewa, majalisar ta sake cetonsa. Ban ga wani cigaba ba a tsarin da zai sa mazauna wuri su riƙa fitowa zanga-zanga duk bayan 'yan shekaru domin roƙon a bar musu abin da yanayin ƙasarsu ya riga ya wajabta.

Masu ra'ayin haɗawa suna da magana mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa kuɗin jama'a yana da iyaka, kuma rukuni ɗaya da ke aiki dare da rana yana bukatar ma'aikata fiye da ashirin idan aka lissafa canjin aiki da hutu da jinya. Duk dalar da aka kashe a kan motar da ke yini a ajiye, an hana ta wata unguwa mai dogayen benaye inda ake fita sau da yawa a rana, irin unguwannin Bronx da Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suke zaune a cikinsu yanzu. Suna kuma cewa ma'aikacin da ba ya yawan ganin wuta hannunsa yana sanyi. Na yarda da lissafin kuɗin, na kuma yarda cewa unguwa mai cunkoso ta fi bukatar yawan motoci. Inda na rabu da su shi ne a ɗauka cewa dole sai an zaɓi ɗaya a bar ɗaya. A shekarun 1970 an rage wa gefen gari, an kuma rage wa tsakiyar talakawa a lokaci guda, babu wanda ya amfana da asarar ɗan'uwansa. Kuskuren da aka yi wa ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, wato a auna lokacin da mota ta farko ta iso a ɗauka an auna tsaro, alhali isowar mota da fara aiki ba abu ɗaya ba ne.

Akwai wata hanyar haɗawa da ta fi jan hankalin masu kasafi a yau, wato a haɗa aikin a cikin ƙarfe ɗaya. Ana ƙera mota mai aiki biyar, wadda take ɗauke da injin famfo, da tankin ruwa, da mesa, da ƙananan tsanuka na hannu, da doguwar tsani mai juyawa a samanta. Kamfanonin Amurka sun fara ƙera irinta tun shekarun 1930, kuma birnin St. Louis ne ya fi yin suna da ita, lokacin da shugaban hukumarsa Neil Svetanics ya mayar da gidajen kwana-kwanan birnin kan wannan mota a 1987. Birnin Richmond na jihar Virginia ya bi sahu bayan shekara goma. Daga baya dukansu sun koma sayen motocin ruwa na gargajiya. Motar kanta ba ta da laifi, kuma ga ƙaramin gari mai gida ɗaya na kwana-kwana tana iya zama mafi dacewa. Sai dai tana da nauyi da tsada, tana wahalar shiga lungu, kuma wurin da tsani ya ci an rage shi ne daga ruwa da mesa. Ƙa'idar ƙera ta ta yarda da tanki mai galan 300 kacal, alhali motar ruwa ta New York tana ɗauke da galan 500, wanda shi ma mesa ɗaya take zuƙewa cikin kimanin minti uku. Ga kuma matsalar wurin tsayawa: injin famfo yana son kusa da famfon titi, tsani kuwa yana son gaban gida, kuma ba kullum wuraren biyu suke zama ɗaya ba. Idan motar ta lalace, ruwa da tsani sun tafi gareji tare.

Babbar matsalar dai ita ce mutum huɗu da ke cikin motar mai aiki biyar har yanzu mutum huɗu ne. Jami'insu zai sauko ya zaɓa, ko ruwa ko ceto, domin taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Binciken da hukumar NIST ta gwamnatin tarayya, mai kula da ma'aunai da fasaha, ta fitar a 2010, bayan gwaje-gwaje a gida mai hawa biyu da aka gina domin hakan, ya nuna cewa rukunai masu mutum huɗu sun kammala ayyukan gobara da sauri da kashi 25 cikin ɗari fiye da masu mutum uku, da kashi 30 fiye da masu mutum biyu. Ƙa'ida mai lamba 1710 ta ƙungiyar kariya daga gobara ta NFPA, wadda ta fito a 2001, ta nemi motar ruwa ta farko ta iso cikin minti 4 na tafiya, cikakkiyar tawagar farko kuma cikin minti 8. Dokar kare ma'aikata ta 1998 ta ce idan mutum biyu za su shiga cikin hayaƙi mai kisa, sai wasu biyu sun tsaya a waje domin cetonsu, sai fa idan an san akwai rai da ke cikin haɗari nan take. Wutar ma ta canza. Gwajin cibiyar UL, mai binciken amincin kayayyaki, ya nuna ɗaki mai kujeru da labulen roba na zamani yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, alhali mai kayan auduga da katako na dā yana kai wa kusan minti 30. Kyaftin na zamanin dawakai yana da lokacin da zai jera ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, na yau kuwa ba shi da shi.

Wanda yake son ganin haɗawar da ta ɗore sai ya duba Los Angeles. Bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, hukumar birnin ta ɗauki tsarin da motar tsani take tafiya tare da motar ruwa a matsayin rukuni ɗaya ƙarƙashin kyaftin ɗaya, a manyan gidaje kuma a ƙara musu wata motar ruwa mai cikakkun mutane, su zama tawaga ta kimanin mutum goma da ke isowa tare. Tsarin yana nan har yau. Abin da aka haɗa a can shi ne jagoranci da horo da lokacin isowa, kuma wannan ne ainihin amfanin da haɗaɗɗen rukuni zai iya bayarwa: mutanen da suka saba da juna, kowa ya iya aikin ruwa ya iya na tsani, ba a jiran wani ya taso daga wata unguwa.

Har yanzu akwai rukunan 'yan sa-kai a cikin iyakar birnin New York, kuma ba a tsakiyar gari suke ba. Suna Broad Channel da West Hamilton Beach da Breezy Point a Queens, da Gerritsen Beach a Brooklyn, da Edgewater Park a Bronx, da Travis da Richmondtown a Staten Island, yawancinsu wuraren da ruwa ya kewaye ko hanya ɗaya ce ke shiga. Mutanen waɗannan wurare sun riƙe rukunansu ne saboda sun san nisan da ke tsakaninsu da taimako. A daren 29 ga Oktoba na 2012, lokacin guguwar Sandy, wuta ta tashi a Breezy Point yayin da ambaliya ta datse hanyoyi, ta cinye gidaje fiye da 100. Ba na cewa akwai tsarin ma'aikata da zai iya tsayar da wuta irin wannan a cikin iska da ruwan teku. Abin da daren ya tabbatar shi ne yankewar hanya, wadda masu lissafi suke ɗauka a matsayin abin da da wuya ya faru, tana faruwa, kuma tana zuwa ne a daidai ranar da aka fi bukatar taimako.

Saboda haka, duk lokacin da aka sake kawo shawarar haɗa rukunai ko rufe ɗaya a wata unguwa ta gefe, majalisar birni ta daina karɓar adadin fita a matsayin hujja. Ta nemi hukumar ta rubuta mata mutum nawa ne za su kasance a bakin gobarar a minti na biyar da na goma, daga ina rukuni na biyu zai taso, da tsawon lokacin da zai ɗauka idan dare ne, ko an ɗaga gada, ko motar da ake sa rai ta riga ta fita wani aiki. Idan amsar ta nuna za a iya kai ruwa da neman mutane a lokaci guda, to a haɗa lamba, a haɗa jagoranci, a sayi mota mai aiki biyar idan titunan wurin za su ɗauke ta. Idan kuwa ta nuna jami'in farko zai tsaya a ƙofar gida yana zaɓa tsakanin mesa da tsani har sai wata mota ta ƙetaro daji ko gada, to a nemi ragin a wani sashe na kasafin, kuma a rubuta mafi ƙarancin ma'aikatan irin waɗannan gidaje a cikin doka, yadda ba za a riƙa tayar da maganar a kowace shekarar ƙunci ba.